Mutum Huɗu Sun Isa

Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin ajiyar takardu na ƙaramar hukuma kafin sunana ya fito cikin waɗanda za a ba horon shugabanci da gudanarwa. Ɗakin yana can ƙarshen baranda, taga ɗaya gare shi, ita ma kabad ya tare rabinta. Mu tara ne a ciki. Duk mai neman takardar haihuwa, ko shaidar fili, ko fayil ɗin wani nasa da ya rasu, wurinmu yake ƙarewa.

Babbanmu a shekaru shi ne Baba Makulli. Ba shi ne shugaba ba, don kujerar shugaban sashen ta shekara biyu ba kowa a kanta, amma makullan kabad-kabad ɗin duk a ƙugunsa suke, tun daga nesa ake jin tahowarsa. Shi ya koya mini aiki. Ranar da aka kafe sunayen, shi ya fara gani, ya shigo yana haki.

"'Yata, an ɗauke ki! To ki yi karatu da kyau, ko ma samu wanda zai sa a gyara mana fankar nan kafin mu dahu."

Wata goma sha takwas horon ya ɗauka. Kwana huɗu ina ofis, ranar Alhamis kuma ina aji a zauren taro, gaban wata malama mai tabarau da ba ta yarda da latti ko na minti ɗaya. Asabar da Lahadi na rubutu ne. Mijina direban motar haya ne, shi ke kwashe yaran ya kai su gidan mahaifiyarsa don in samu sarari. In ya dawo ya tarar ban ɗora tukunya ba, sai ya rusuna a bakin ƙofa ya ce, "Ranki ya daɗe, shugaba, talakawanki na jin yunwa."

Aikin ƙarshe shi ne kowa ya zaɓi matsala ɗaya a sashensa, ya auna ta, ya kawo mafita. Tamu ba ɓoyayya ba ce: mutum sai ya yi mako uku yana sintiri kafin ya karɓi takarda guda. Na ce zan bi fayil tun daga shigowarsa har fitarsa, in ga inda yake kwana.

Baba ya fi ni zumuɗi. Ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur, yana ƙirga mini mintoci ina rubutawa. Ya sa sauran ma suka ba ni haɗin kai. Goggon Tafireta, mai buga mana wasiƙu, da farko ta ƙi.

"Ni ba na son a riƙa ƙirga mini numfashi," in ji ta.

"Haba Goggo," Baba ya ce, "yarinyar nan tamu ce. In ta hau, mu muka hau."

Da na gama lissafi, abin ya fito ƙarara. In aka zuba bayanan a kwamfuta, mutum huɗu sun isa su yi aikin da mu tara muke yi. Haka na rubuta a kashi na farko. A kashi na biyu na ce a kai sauran biyar ɗin ofisoshin gundumomi, su riƙa karɓar buƙatun jama'a a can, kada tsofaffi su riƙa shan doguwar tafiya. Kashin nan na biyu na fi wahala a kansa, shi na fi alfahari da shi.

Ranar gwaji mutum uku suka zauna a gabana, har da Daraktan Ma'aikata. Malama ta ce ba ta ga aiki mai tsafta irin nawa ba a ajin. Darakta bai yi tambaya ko ɗaya ba, sai dai ya nemi in bar masa kwafi.

Bayan wata biyu ya aiko kirana. Ya miƙo mini takarda, na karanta: an naɗa ni shugabar sashe. Ban gama godiya ba ya jawo aljihun tebur ya fito da ambulan biyar, ya jera su a gabana. Sunan Goggo ne a sama. Na Baba yana ƙasa.

"Ranka ya daɗe, na mene ne?"

"Sallama. Majalisa ta amince da rahotonki."

Na ce, "Ai ba haka na rubuta ba. Akwai kashi na biyu."

"Na gani. Shawara ce mai kyau, sai an samu hali." Ya buɗe kwafin, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya ya karanta mini da muryarsa. "Mutum huɗu sun isa. Ni na rubuta, ko ke?"

"Baba saura masa wata goma sha huɗu ya yi ritaya da cikakken haƙƙinsa."

"Shi ya sa aka fara da masu shekaru. Kin ga, Akawu, ku ashirin kuka gama horon nan, kujeru uku gare ni. In hannunki ba zai iya ba, akwai wanda nasa zai iya, kuma ba zan yi miki alkawarin kina cikin huɗun ba."

Na tsaya har ya fara duba wani fayil. Sannan na kwashe ambulan ɗin na zuba a jaka.

Da yamma na gaya wa mijina. Ya miƙe tsaye da faɗa, ya ce in mayar musu da kujerarsu gobe-goben nan. Sai kuma ya tuna halin da muke ciki. Motarsa ta kwana tara a gareji, kuma babbar 'yarmu za ta shiga sakandare. Ya koma ya zauna, ya ce, "Ke dai kika san abin da ya fi."

An koya mana yadda ake isar da labari mara daɗi. A zaunar da mutum, a kalle shi a ido, kada a yi kewaye-kewaye. Mun gwada a aji, bibbiyu, muna ta dariya. Ranar Juma'a da safe na shiga ofishin shugaba, wanda aka share mini ƙurarsa, na riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya.

Biyu suka karɓa suka fita. Ɗaya ya yi kuka. Goggo ta ƙi zama, ta karanta a tsaye, ta wanke ni tas.

"Ni na buga miki takardar neman horon nan da hannuna. Ashe wuƙa nake wasa miki. Allah ya isa!"

Ta fita ta bar ƙofar a buɗe, kowa ya ji.

Baba ne na ƙarshe. Ya riga ya sani. Ya zauna, ya karɓi ambulan ɗin ya sa a aljihu bai buɗe ba. Na fara cewa, "Baba, wallahi ban..." sai ya ɗaga hannu.

Ya kwance makullan daga ƙugunsa, ya shiga jera su a tebur. "Wannan na filaye ne. Wannan na mamata, sai kin ɗaga ƙofar sama kaɗan yake buɗewa. Kabad na bakwai akwai gara a bayansa, a riƙa dubawa." Ya bi su duka, goma sha uku. Da ya gama ya miƙe, ya ce, "Sai anjima, ranki ya daɗe."

Bai taɓa kirana haka ba.

Mako biyu bayan nan aka yi bikin ba mu takardun shaida. Aka kira ni ta farko, aka yi tafi, Darakta ya ce rahotona abin koyi ne ga dukan sassa. An ɗauke mu hoto ina murmushi, don mai hoton ya ce a yi.

Na daɗe ina ɗage zuwa gidan Baba. Wata Laraba na fita lokacin hutun rana, na shiga mota har unguwarsu. Gida ne mai ƙofar langa-langa a ƙarshen lungu, kusa da wani injin niƙa. Matarsa ta leƙo, ta gane ni, ta amsa gaisuwa a taƙaice. Na ce wurin Baba na zo. Ta koma ciki. Ina jin rediyo, ina jin tarinsa, sannan aka rage muryar rediyon.

Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta matsa mini hanya ba.

"Ya ce a gaishe ki. Ya ce ba ya riƙe da ke a zuci, amma don Allah kada ki ƙara zuwa."

Na ce to. Na ce a gaishe shi. Ta tura ƙofar a hankali, na ji ta sa sakata.

Na taka zuwa bakin titi na tsaya jiran mota. Ƙarfe biyu akwai taron shugabannin sassa, kuma ni aka ba rubuta bayanin taro.