Bangon da Ke Bayan Mimbari

Kwana tara Mai Zane ya yi yana hawa tsani yana sauka a cikin sabon ginin coci, daga shi sai wata fanka da ke kuka a sama kamar mai ciwon haƙori. Dattawan ikkilisiya ne suka ba shi aikin, ya zana musu Mulkin Allah a bangon da ke bayan mimbari kafin Lahadin buɗe ginin. Shugabansu, wanda ake kira Baba Doka a bayan idonsa, har da takarda ya zo, ya karanto masa: ganuwa mai tsayi, ƙofar zinariya, titi mai sheƙi, kursiyi a can cikin gajimare.

Aikin bai fi ƙarfinsa ba. Shekara talatin yana zana allunan shaguna da bayan manyan motoci. Ya tayar da ganuwar, ya kafa ƙofar, ya ƙarar da gwangwani biyu na fenti ruwan ɗorawa a kan titin. Duk wanda ya leƙo sai ya ce, "Kai, madalla!" Shi kuwa in ya sauko ya zauna a bencin ƙarshe, gani yake kamar tashar mota ce ranar yajin aikin direbobi. Ko kare babu.

Watan matarsa bakwai da rasuwa. Ɗansu tilo yana can nesa wurin aiki, sai waya ranar Asabar, minti uku a gama. Masu ta'aziyya duk bakinsu ɗaya: "Tana Mulki, tana hutawa." Da wannan maganar yake kwana yake tashi, kuma don ita ya karɓi aikin. So yake ya ga inda take da idonsa, ko da a bango ne.

A rana ta tara ya ɗauki ƙaramin buroshi zai sa ta a gefen titin zinariyar, 'yar mitsitsiya, inda ba mai lura. Sau uku yana zana ta, sau uku yana gogewa. Hannuwanta ne suka gagare shi. Bai taɓa ganinsu a sake ba, bai san yadda ake ajiye su ba.

Matar tasa mai shara ce a asibiti, amma Lahadinta ta fi ranakun aiki wuya. Akwai wata tsohuwa a bayan layinsu da ɓarin jikinta ya shanye, 'ya'yanta sun watse. Kowace Lahadi sai matarsa ta biya ta yi mata wanka, ta canza zanen gado, sannan ta shigo coci ana tsakiyar wa'azi, tana warin sabulu. Shi kuwa kunya ta ishe shi.

"Maman yaro," yakan ce a hanyar gida, "wata rana a ƙofar Mulki za ki makara, ki tarar an rufe."

"To, Baban yaro, sai ka riƙe mini wuri. Amma in Sarkin yana cikin coci tare da ku tun ƙarfe tara, wa nake tararwa a ɗakin tsohuwar nan?"

Ya ɗauka tsiwa ce irin tata. Sai yau, a kan tsani, maganar ta dawo masa.

Ya sauko ya haɗa fenti ruwan toka. Ya bi titin zinariyar ya danne shi, ya danne ƙofar, ya danne ganuwar. Kwana uku bai je gida cin abinci ba. A wurin da birnin yake, ɗaki ya fito: gadon ƙarfe mai ƙafa ɗaya a kan bulo, taga mai tsagaggen gilashi, bokiti shuɗi, tsohuwa a jingine da filo, da wata mata ta ba da baya, ta sunkuya tana matse tsumma.

Ranar Juma'a da hantsi Baba Doka ya shigo, Fasto na biye da shi, matashi ne da bai shekara biyu a wurin ba. Dattijon ya tsaya cak, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ɗana, mene ne wannan? Mun ce Mulkin Allah, ka kawo mana ɗakin jinya? Har da fo a ƙarƙashin gado!"

"Baba, fon a wanke yake."

Fasto ya yi tari don ya ɓoye dariya. Baba Doka bai dara ba.

"Ina kursiyin? Ina ƙofar?"

"Na yi su, Baba. Na zauna na duba, na ga sarauta a garin da ba kowa. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma a ganina, inda ake yin abin da sarki ke so, can ne mulkinsa. Ban ce babu na gaba ba. Wanda na taɓa gani da ido shi na zana."

Dattijon ya jingina da sandarsa, muryarsa ta sauka. "Ka san su wa ke zama a bencin nan? Mata ne da ke wanki da jinya daga Litinin zuwa Asabar. Bayansu ya ƙage. Su zo ranar Lahadi su ɗaga kai, su sake ganin bokiti? Haba, ɗana. Ka bar musu wurin da za su huta mana."

Mai Zane ma da wannan hutun aka rarrashe shi wata bakwai.

"A shafe shi da fari kafin gobe," in ji Baba Doka. "Mu rataya labule." Ya juya ya fita, sandarsa tana ƙwanƙwasa siminti.

Fasto bai bi shi ba. Ya matso ya daɗe yana kallon matar da ta ba da baya.

"Kawu, tun daga bakin ƙofa na gane ta. Ta ƙeya ma."

Mai Zane ya kau da kai. Rabon da wani ya yi masa zancenta ba tare da kalmar hutu ba, ya manta.

Fasto ya shiga sito ya jawo babban bokitin farin fenti, ragowar fentin ginin. Mai Zane ya buɗe murfin, ya sa yatsa ya murza.

"Fasto, wannan fentin ruwa ne. Nawa na mai ne, bai ma gama bushewa ba. Na ruwa ba ya zama a kan na mai. Zai rufe yau, amma sai ya ɓare. Gara in faɗa maka, kada a ce na yi ha'inci."

"Wata nawa zai kai?"

"In an yi damina mai ƙarfi, shida. Ko ƙasa da haka."

Fasto ya sosa gemunsa da bai gama fitowa ba. "Dattawa sun ce a shafe da fari. Ga fari." Ya dafa kafaɗarsa, ya ce yana da maras lafiya da zai je dubawa, ya tafi.

Aka bar shi shi kaɗai. Ya tsoma rola, ya fara daga kusurwar dama. Tagar ta tafi, gadon ya tafi, tsohuwar da mai yi mata wanka suka bi su. Bai yi sauri ba, bai kuma tsaya ba. Da ya gama ya wanke rolar a famfon waje, ya dawo ya naɗe tsummokaransa.

Bangon ya yi fari fat. Ya matsa kusa ya duba inda ya fara shafawa. Tuni farin ya soma tattarewa, kamar fatar da ke hawa kan madara in ta huce. Ya saɓa tsaninsa, ya ja ƙofa.