Hannun Huseina

"Mama, wace ce kurma? Malama ta ce a cire kurma daga rawa."

Da ƙarfi Miracle ta yi tambayar, kamar yadda take magana tun da sanƙarau ya rage mata ji. A filin makarantar, Malama Rebecca ta dafe baki, ta manta yarinyar tana karanta leɓe.

Martha, mahaifiyarta, ta sauke tiren dafaffiyar gyaɗarta a gindin darbejiya.

"Maman Miracle, ki yi haƙuri," in ji Malama. "Asabar ne bikin ba da kyauta. In an zo juyi sai ta sunkuya, in an zo sunkuye sai ta juya. Jiya goshinta ya fasa wa abokiyar rawarta Huseina leɓe."

Tun da suka baro garinsu Gwaska, rawar nan ce kaɗai ke tashin Miracle da safe ba sai an jijjiga ta ba.

"A sake yi in gani, Malama," in ji Martha.

'Yan matan suka jeru bibbiyu, hannu cikin hannu, ɗaya tana ja, ɗaya tana bi. Huseina ce ke jan Miracle. Juyi da sunkuye farkonsu ɗaya ne: a ɗaga hannu sama. Daga nan ne ko mai bi ta zagaya a inda take, ko ta duƙa ta wuce ƙarƙashin hannun. Ganga ce ke rarrabe musu.

Martha ta bar kallon ƙafar 'yarta, ta koma kallon hannuwa. Abin ya ɗaure mata kai. Hannun Huseina yakan hau sama ya tsaya sagale, kamar zanen da aka shanya a igiya. Miracle kuwa sai ta zuba masa ido, can ta yi canke.

"Huseina, zo nan 'yata. In juyi ne, yaya kike gaya mata?"

"Ba na gaya mata, Mama."

"To, ta yaya za ta sani?"

Huseina ta taɓa kumburarren leɓenta. "Ai ita nake jira. Duk wanda ta yi shi nake bi. Ni kiɗan duk ɗaya nake jin sa."

"Ikon Allah!" in ji Malama. "Mai kunnen ma kenan!"

Martha ta kama hannun yarinyar. "Ji nan. In juyi ne, ki kai hannun sama sosai, ki murɗa kamar kina tuƙa tuwo. In sunkuye ne, ki fara jan ta ƙasa tukuna, kamar guga ya cika. Da zarar ganga ta canza za ki yi, kada ki jira ta."

Malama ta riƙa kiran sunan kowane salo. Huseina ta murɗa, Miracle ta zagaya. Ta ja ƙasa, Miracle ta wuce sumul, ta fito tana ƙyalƙyala dariya.

"Ran Asabar fa ba zan yi ihu gaban baƙi ba," in ji Malama. "In Huseina ba ta gane kiɗan ba, biyu zan cire."

Martha ta juye gyaɗar a ɗankwalinta, ta kife tiren a cinya, ta ƙwanƙwasa shi kamar ganga.

"Zauna, Huseina. Wannan wanne ne?"

Kai kuma mai karatu, in an damƙa maka hannun ɗan wani, kada ka ɗaga shi sama sai ka san inda za ka kai shi.