Tandar Kaneng

Saura kwana kaɗan a yi bikin sallamar Monica, wanda iyayen amarya ke shiryawa kafin 'yarsu ta tafi gidan miji, sai jita-jita ta karaɗe unguwarsu ta Whalley Range cewa council, wato hukumar gari, za ta rufe zauren unguwar da suka kama. A shekarun nan na tsuke bakin aljihu ba abin mamaki ba ne, ka kwana da laburare ka tashi da kwaɗo a ƙofarsa.

Kaneng, uwar amarya, abu ɗaya ta sa a gaba: 'yarta tilo ba za ta bar gida ba sai jama'a sun ci masa da zafinta, irin ta Jos. Iyayen ango da ke Birmingham suka ce a zo a yi a zauren cocinsu.

Mijin Kaneng, Davou, kuwa injiniya ne, ko ruwan sama ba ya yarda an yi sai ya ga ƙasa ta jiƙe.

"Maman Monica, ba na yanke shawara a kan rumour. Sai na ji daga bakin council."

"Baban Monica, ƙullu bai san council ba. In ya tashi, ya tashi."

Ya wuni maƙale da waya yana shan kiɗan jira, har ya fara bin waƙar da baki. Ita kam ba ta zauna ba. Ta jiƙa shinkafa, ta niƙa, ta zuba ƙullun rabin bokiti saboda ya samu wurin tashi ko a kan hanya ne. Ta aro risho mai tukunyar gas wajen ƙawarta Zinatu, ta cusa shi a but ɗin mota tare da tandarta. Ta gaya wa baƙi kowa ya hallara a unguwar Rusholme da ke kusa da su ranar Asabar da safe, a nan za su ji ko unguwa za a yi ko Birmingham.

Ranar Juma'a da yamma amsa ta zo: ba za a rufe zauren ba sai ƙarshen wata. Davou ya dinga zagaya falo yana baza kafaɗa.

"Kin gani? Information! Duk wahalar banza kika sha."

Da safe suka isa zauren unguwa, ƙofa a buɗe, kujeru a jere. Kaneng ta shiga kicin ta murɗa murhu, shiru. Ashe tun makon jiya aka yanke gas ɗin. Davou ya tambayi komai game da ƙofa, bai tambayi wuta ba.

Ya tuɓe babbar rigarsa, ya je ya ɗauko rishon da kansa, ya kafa mata a bayan zaure.

Masa ta fito jajir, har surukai na neman ƙari. Can Monica ta sulalo da kwalliyarta, ta tsuguna gefen uwar, ta ɗauki ɗaya tana hurawa.

"Mum, a Birmingham wa zai soya min wannan?"

Nan zuciyar Kaneng ta karye. Duk satin nan tana ta shirin hanya biyu, alhali hanyar 'yarta ɗaya ce. Ta kwashe masar ƙarshe, ta goge tandar da tsumma.

"Bari ta huce ki sa a kayanki. Ko ina aka yi bikin, dama Birmingham za ta."