Rigar da Ba Ta Matse Ba

Uwar Kicin ba ta taɓa ɗaukar ɗanɗano a matsayin cin abinci ba, kuma duk mai girkin da ka tambaya haka zai ce maka. Ci shi ne ka zauna, ka wanke hannu, ka ja kwano gabanka. Abin da aka ɗiba da bakin ludayi a tsaye, ana hurawa, ana neman inda gishiri ya tsaya, wannan aiki ne.

Ita ce babbar mai girki a kicin ɗin wata masana'antar sabulu, inda tukwane ke hawa wuta tun kafin a busa jiniyar safe. Bara waccan aka yi mata aikin rage tumbi, bayan ciwon suga ya fara taɓa mata ido. Sugan nan shi ya ci ƙafar mahaifiyarta, don haka ba da wasa ta shiga ɗakin tiyata ba. Likita ya ware mata ɗan aljihu a saman tumbin, bai fi ƙwan kaza ba, ya haɗa shi da hanji. Ya ja mata kunne cewa aljihun nama ne, ba ƙarfe ba: in ana yawan cusa masa zai buɗe, in kuwa ya buɗe, suga ya san hanyar gida.

Ta kiyaye, har ma ta wuce gona da iri. Ta sayi ɗan kwanon yara mai hoton agwagwa a ciki, ba ta cin abin da ya fi cikinsa, kuma ba ta ci a ɓoye. Sai ma'aikata sun cika zaure take zama a teburin tsakiya, ta tauna kowace loma kamar mai jin haushinta. Wanda ya nemi ƙari ya sha wa'azi. Doguwa, abokiyar aikinta mai rabon abinci, takan ce tun da aka yanke wa Uwar Kicin tumbi, abin da aka rage a can aka ƙara mata a baki.

Sikeli ne kawai ta ƙi. Ta sha wulaƙancinsa shekara da shekaru, ta rantse ba zai shiga gidanta ba. Mijinta tela ne, mutum mai sanyin hali wanda ko almakashi a hankali yake ajiyewa, kuma shi ya rage mata farar rigar aikinta da ta rame. Ta ce rigar nan ita ce sikelinta. Ranar da ta matse ta, ranar za ta san ta kauce.

Rigar kuwa ba ta matse ba. Saboda haka da ta lura 'yar tsukewar da take ji a ƙirji bayan 'yan cokula ta daina zuwa, ta ce warkewa ce. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, ta ce lafiyayye me zai je yi. Sai da ƙishirwa ta dawo, irin wadda ta sani, lambobin jikin murhun gas suka fara yi mata hazo, sannan tsoro ya kama ta.

A asibiti sikeli ya faɗi abin da ya faɗa, ta ce ya lalace. Aka ba ta wani farin ruwa ta sha, aka ɗauki hoto. Likita ya juyo mata da allon ya nuna aljihun, ya kusa ninka yadda ya bar shi. Sugan ma ya hau. Ta zuge jaka ta fito da kwanon agwagwa ta dire masa a tebur, ta ce a tambayi kowa a masana'anta in an taɓa ganin ta wuce wannan.

Likitan bai musa ba. Ya tambaye ta sana'arta, ta faɗa. Ya ce gobe ta yi masa abu ɗaya: duk abin da ta kai baki don ɗanɗano, ta zuba kwatankwacinsa a kwanon.

Ta yi, don ta ƙaryata shi. Miya da aka soya, miya da ta tafasa, miya bayan an ƙara ruwa. Shinkafa ko ta nuna, wake ko ya yi laushi, tsokar nama ko wuta ta ratsa ta. Kafin jiniyar rana agwagwar ta nutse, ta juye kwanon, agwagwar ta sake nutsewa. Da yayyafi kogi kan cika. Ta tsaya da ludayi a hannu, kunya ta rufe ta kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta tuna duk mutanen da ta hana ƙari. Ranar ba ta fita teburin tsakiya ba.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Da ta koma gida da la'asar ta tuɓe rigar, ta juya cikinta. A gefen ɗinkin akwai layukan hudar allura, ɗaya bayan ɗaya, kowanne faɗin yatsa tsakaninsa da na kusa. Ashe da mijinta ya rage rigar bai yanke rarar yadin ba, ninke ta ya yi ciki, yadda teloli ke yi.

Shagonsa na bakin layi. Ta same shi kan keken ɗinki, ta shimfiɗa rigar a gabansa. Ya dubi layukan, ya cire tabarau, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce ran da ya fara ganin rigar tana ja a hammata, ranar ce ta dawo tana dariya, tana ba shi labarin ta hau benen ofis ba ta huta ba. Ya kasa gaya mata rigar ta fara matsewa. Da ta ba da wanki sai ya saki kaɗan.

"Yatsa ɗaya ne kawai, Maman yara," in ji shi. "Kullum yatsa ɗaya."

Ta zo da faɗa cike da bakinta, amma ta ji muryarta a cikin tasa, ita ma cewa take bakin ludayi ne kawai. Ta zauna a bencin masu jira, dukansu biyu suna kallon ƙasa.

"Saura nawa?" in ji ta.

"Babu. Rarar ta ƙare."

"To mayar da ita layin farko."

"Ba za ta rufe ba."

"Na sani, Baban yara. Mayar."

Washegari ta shiga kicin da rigar a buɗe daga ƙirji zuwa ƙasa, maɓallai na lilo, kowa na gani. Doguwa ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta kalli fuskarta, ta fasa. Da miya ta tafasa, Uwar Kicin ta ɗebo da bakin ludayi, ta hura, hannun ya kama hanyar da ya saba. Ta tsayar da shi. Tun tana budurwa ba ta taɓa tambayar kowa wannan ba, amma ta miƙa wa Doguwa ludayin.

"Yaya, duba min," ta ce a hankali. "Gishiri ya ji?"