Bayan Yari

"Sai ya kwantar da ni ya danna nan, ka ji ƙas! Wallahi ranar na yi barci har hantsi."

Yari ne ke ba da labari a bencin ƙofar masallacinmu na Agege, yana dafe da ƙugu. Mutane sun zagaye shi. Ni ban ɗaga kai ba.

Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Dakon nama yake yi a mayankar Oko-Oba har ciwo ya zaunar da shi. Wuya, kafaɗa, gwiwa, yau nan gobe can, ga gajiya, ga rashin barci. A asibitin Idi-Araba suka ce jini lafiya, hoto lafiya. Ni ma na lalube shi sarai, don ɗori gadona ne kaka da kakanni. Ba karaya, ba targaɗe, ba gocewa. Na ce masa, "Ba ka da komai. Raki ne."

Shekarar da soja suka sauka daga mulki, 'yarsa ta kai shi Ogba wurin wani Bayarabe da ya karanto gyaran ƙashin baya a Turai. Bai warke ba. Yakan dai sami sauƙin kwana uku, kuma bakinsa bai ƙara hutawa ba.

Ranar nan a ƙofar masallaci na kasa haƙuri. "Me ya yi maka da hannuna bai iya ba?"

"Sarkin Ɗori, shi da na ce ina jin ciwo, cewa ya yi ya yarda."

Na ɗauki takalmana na tafi. Daga nan sai gaisuwa kawai. Duk Talata ina jin babur ɗin okada ya tsaya a ƙofarsa don kai shi Ogba, in rufe taga.

Da damina zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi. Matarsa Zuliha ta yi sallama a ƙofata da safe.

"Maƙwabcinka ya ce ka zo ka matsa masa baya. Ba ya iya hawa okada."

"A kira masa na Ogba."

"Kai ya ce a kira."

"Ni ɗori nake yi, ba tausa ba."

Ta juya ta tafi. Na ce a raina, gobe na shiga, bari ya jira tukuna.

Bayan la'asar na ji kuka ta katanga.

Liman ya ce ni zan yi masa wanka. Ɗan Azumi mahauci ke zuba ruwa. Da muka juya shi gefe sai ga bayan nan, duk kanta ta shekarun dako. Na sa babban yatsa a gindin wuyansa, na bi ƙashin gaɓa-gaɓa, a hankali, ina matsawa.

"Baba," in ji Ɗan Azumi, "jama'a na jira a waje."

"Su jira."

Ya ajiye butar. Ruwa na ɗiga daga tabarma zuwa siminti.