Kabad Mai Kukan Alhamis

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya san Malam Nata'ala kafinta na Gumel ya san abin da hakan ke nufi. Shekara huɗu ina aure a Maigatari, tafiyar da ba ta kai rabin awa a mota ba, amma Baba bai taɓa taka gidana ba. Kunya ce, wai. Uba ba ya zarya gidan 'yarsa, balle ta fari, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Da Inna na da rai ita ke kawo min labarinsa. Tun da ta rasu, in na je Gumel sai dai in durƙusa a bakin shagonsa, ya amsa gaisuwa yana kallon katako, ya tambayi mutanen gida, shi ke nan. Ina kewar mutumin nan har cikin raina, kuma ba ni da bakin faɗa.

Ana haka maigidana Abdulmuhaimin ya sayo min kabad. Irin na kwali ne, wanda ake kawowa a shimfiɗe falle-falle, da ƙullin sukurori a leda, da takarda mai zanen wani mutum marar wuya yana ta murmushi. Maigidan gyaran waya yake yi a kasuwa, ƙananan sukurori ba sa ba shi tsoro. Yini guda ya haɗa shi ya tsayar a falo, fari tas, kanta huɗu da dogayen ƙofofi biyu, kowace da hinji uku masu riƙe da ita. Na jera kwanuka da kofunan gilashi. Kwana uku a tsakani ƙofar hagu ta fara kuka, irin na ɗan akuyar da aka raba da uwarsa. Maƙwabciyata Kyauta ta ce daga ɗakinta tana sanin sau nawa na sha shayi a rana.

Wata Laraba na kira Baba in gaishe shi, waya a kunne, na buɗe kabad zan ɗauko kofi. Gaisuwar ta tsaya cak. Ya tambayi abin da ke kuka haka, na ce ƙofar kabad ce. Ya tambayi wane kafinta ne ya yi wannan aika-aika, na ce na kwali ne. Ya ce hmm, ya kashe waya.

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ina wanke-wanke na ji sallamar da na sani tun ina goye. Baba ne a zaure da jakar kayan aikinsa. Ya ce kasuwa ya shigo, kuma bai dace kafinta ya san ƙofa na kuka ya wuce ta ba. Ban san lokacin da na shimfiɗa tabarma uku ba.

Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya zauna gaban kabad ya fara wanke shi tas. Ya ce wannan ba katako ba ne, dusa ce aka kwaɓa da gam, kuma wanda ya yi shi bai taɓa haɗuwa da bishiya ido da ido ba. Ni ina zaune can bayansa kusa da labule. Da ya gama zagin, sai ya shiga ba kabad labari: wa ya rasu a unguwarmu, wa ya aurar, yadda gwiwarsa ta hagu ke damunsa in zai tashi daga sujada. Ni kuma ina ba kabad amsa. Abinci ya ce ba zai ci a gidan suruki ba, amma fura ya sha kwano guda don kada ta yi tsami. Gyaran kansa ɗaure sukurori ne da ɗiga man keken ɗinki, aikin minti biyu. Baba ya yi awa uku.

Bayan tafiyarsa na buɗe ƙofar na rufe, shiru. Wallahi ban taɓa jin haushin abu mai lafiya kamar ranar ba.

Laraba ta gaba na ɗauki wuƙar yanka albasa, na sa tsininta a sukurorin hinjin sama na murɗa baya sau biyu, na goge man da ruwan sabulu. Na kira Baba, na kai wayar dab da ƙofar na buɗe a hankali. Alhamis ya zo.

Matsalata ɗaya, na auri mutumin da sukuru mai lilo ke hana shi sukuni. Kunya ta ishe shi, a ce dattijo, surukinsa guda, yana hawo mota daga Gumel saboda aikin hannunsa. Ya dinga kallon bidiyon gyaran hinji a waya. Ya ɗaure, ya shafa man shafawa, ya cusa tsinken ashana da gam a ramukan da suka buɗe. Ni kuma ina bin bayansa da wuƙata. Wani makon ma sau biyu na kwance, don na yi aikina Laraba da safe, shi kuma ya dawo da la'asar ya ɓata min. Ya zargi danshin damina, ya zargi gara. Kyauta ta ce a turara hazbo, ba a san abin da ya biyo kwalin daga ƙetare ba.

A mako na bakwai ya ce ya gaji, zai fitar da kabad ɗin ya sayo na ƙarfe, Baba ya huta. Nan take na ce ina son kabad ɗina, na saba da shi, har kukan ma ɗebe kewa ne. Ya dube ni kamar na fara zarewa. Da yamma ya shiga kicin neman ashana, ya fito riƙe da wuƙar albasa, tsininta ya lanƙwashe. Ya dubi wuƙar, ya dubi kabad, ya dube ni. Ya mayar da ita inda ya ɗauko. Na yini Laraba ina jiran faɗa, faɗa bai zo ba, don haka na yi murɗina biyu kamar kullum.

Ran Alhamis Baba ya iso da hantsi. Yana zama sai ga maigidan ya dawo daga kasuwa, wai ya manta caja. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bakin ƙofar falo, suka gaisa kowa na kallon ƙasa. Baba ya miƙe ya kama hannun ƙofar kabad zai ji kukan na yau.

Ba ta yi kuka ba. Biyo shi ta yi gaba ɗayanta, har da ɓantaren jikin kabad, garin katako na zuba, kofunana suna kaɗawa. Baba ya tsaya rungume da ƙofa a tsakiyar falo.

Ya jingine ta a bango, ya sa tabarau, ya tsinci sukurorin ɗaya bayan ɗaya yana juyawa a tafin hannu.

"Na sama," ya ce wa kabad, "cizon wuƙa ne."

Na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji.

"Na tsakiya kuma ɗan sukurdireban nan ne na masu gyaran waya. Yau da safe ma aka kwance shi."

Na saci kallon maigidan. Tabarma yake ƙirga wa ido, kunnuwansa kamar za su faɗi.

Baba ya ɗauki na ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa. Hinjin ƙasa ni ban taɓa taɓa shi ba, kuma daidai nan ne hannun mai zama a tabarma ke kaiwa. Ya yi gyaran murya, ya jefa shi aljihu.

"Wannan daga kamfani ya zo a haka."

Ba wanda ya yi musu. Dariya da kuka suka taso min tare, na toshe baki da mayafi. Ashe duk makonnin nan ba ni kaɗai ke wahala ba.

Can maigidan ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa, yana fuskantar takalmansa. Ya ce in Baba na da sarari, ko za a yi wa kabad ɗin ƙofa ta katakon gaske. Baba ya ce irin wannan aiki ba ya son gaggawa. Sai an auna, a nemo katako, a bar shi ya bushe, a zo a gwada, a koma a goge. Kuma in an sauya ta hagu dole a sauya ta dama, kantocin ma bai yarda da su ba.

"Zai iya kaiwa girbi," in ji shi.

"Ko ya wuce girbi babu komai, Baba," in ji maigidan.

Baba ya zaro tef daga jaka, ya durƙusa yana dafa gwiwar nan tasa, ya auna a tsanake, ya rubuta da fensir a bayan takardar mutumin nan marar wuya. Faɗin kawai ya auna ranar. Tsawon ya ce sai Alhamis.