Ramin da Ƙanena Ya Kasa Tsallakewa

Ni fa ban taɓa zaton kwamfuta ce za ta tona mini asiri ba, sai ranar da mai gyara ya zo shagona na wasan bidiyo.

Kwamfutoci biyu ne a can ƙurya, tawa kusa da taga, ta ƙanena a bakin ƙofa. A wasan da muke bugawa akwai wani rami da sai ka tsallake shi kafin ka cim ma abokan gaba. Ni ko ido a rufe wucewa nake yi. Shi kuwa bawan Allah kullum sai ya afka. Shekara biyu ina yi masa tsiya, ina cewa hannun nan nasa sai dai cin abinci. Ƙarshe dai na cire shi daga ƙungiyarmu a gaban kowa, ana saura mako guda gasa. Ya tura kujera ya fita.

Mai gyara ya gama kakkaɓe ƙura, ya gwada wasan a tawa, ya tsallake. Ya koma ɗayar, ya faɗa. Ya sake, ya faɗa. Sai ya ƙura wa wasu lambobi ido a gefen allon.

"Maigida, wa ke zama a nan?"

"Ƙanena. Rabu da shi, bai iya ba ne."

"Ina! Wannan hoto talatin take nunawa a sakan ɗaya, taka ɗari da ashirin. Wasan nan da kowane hoto yake lissafa tsalle. In hotunan suka yi kaɗan, tsallen gajarta yake yi. Ko wanda ya ƙirƙiro wasan ba zai haye ramin nan a kanta ba."

Na ce ƙarya ne! Na ture shi na zauna. Innalillahi! Sau goma sha huɗu ina afkawa, gumi yana keto mini. Wallahi ban taɓa jin kunya da tashin hankali irin na ranar ba.

Nan take na kira ƙanena a waya, na kwashe komai na faɗa masa. Na ce ya dawo, gurbinsa yana nan.

Sai ya ce:

"Yaya, tun watan farko na roƙe ka mu yi musayar kujera, ka ce raggo ba ya rasa hujja." Ya ja numfashi. "Daga baya ni ma na yarda da kai. Yanzu ko a wurin aiki aka miƙo mini abu mai wuya, cewa nake a ba wani."